Hannu a Kafaɗar Oom Gys

Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa a bayan maigidana Oom Gys Labuschagne ranar buɗe farautar tsuntsu. Oom, wato kawu, haka ake kiran dattijo a nan. Aikina da can shi ne in rataya jakar harsashi, in sa ido inda tsuntsu ya faɗi, in je in ɗauko. A shekaru ukun ƙarshe aikin ya ƙaru da abu guda wanda babu mai sani sai ni da shi. Kunnensa ya mutu, ni nake ji masa.

A gonarmu ta gefen Bothaville, ƙawanya ake yi wa zabin daji. Maharba su zagaye gonar masarar da aka girbe tun daga nesa, su riƙa takowa ciki a hankali. Muddin da'irar na da faɗi, kowa na iya harbin zabon da ya tashi sama a gabansa. Idan ta matse har kana gane fuskar wanda ke ɗaya gefen, sai shugaban farauta ya busa usur. Daga nan ba a sake harbi ciki, sai tsuntsu ya wuce ta kanka ka juya ka bi shi waje. Wanda ya ji usur ya harba ciki, zai zare harsashinsa ya koma mota, ba shi ba layin maharba sai baɗi. Wanda kuwa ba ya jin usur ɗin sam, ba shi da wuri a layi har abada.

Ba mu taɓa zama mun shirya dabarar ba. Wata shekara usur ya tashi, na ga bai motsa ba, na ɗora hannu a kafaɗarsa ta hagu kamar mai nuna masa tsuntsu. Ya juya waje. Shi ke nan. Tun daga nan haka muke yi.

Safiyar da nake ba da labarinta, sanyi ya daskarar da raɓa a kan ciyawa, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Motoci tara ne a bakin shinge. Ana ta zuba kofi, ana tsoma busasshen burodi a ciki. Wikus, ɗan Oom Gys, shi ke rataye da usur yanzu, don gonar ta koma hannunsa tun rasuwar mahaifiyarsa.

Oom Barend, maƙwabcinmu, ya hango bindigar tsohon mai baki biyu, ya ɗaga murya. "Gys, har yanzu wannan tsohuwar? Ai zabin gonar nan sun san ta. In sun wuce gaishe ta suke yi."

Oom Gys yana kallon bakinsa. Ya iya karanta bakin Barend, don shekara hamsin zolayar ba ta canja ba.

"Gara ni suna gaishe ni," ya ce. "Kai bara me ka kashe? Tankin ruwana. Har yau yana yoyo."

"Tankin ne ya gitta!"

Aka kwashe da dariya. Wikus ya zo ta bayan mahaifinsa ya ce, "Pa, kusurwar shinge zan ba ka yau, ko ta wajen rijiya?" Tsohon bai waiwaya ba. Na miƙa masa jakar harsashi ta gefen da Wikus yake, ya juyo don ya karɓa, ya ga ɗansa tsaye yana jira.

"Duk inda ka ajiye ni, yaro," ya ce.

Wikus ya dube shi, ya dube ni, ya wuce.

Muka kama wurinmu a kusurwar shinge. Garken zabin yana tsakiyar gona, sun fi ɗari, ana jin kukansu. Muka fara takawa. Oom Gys na tafiya da ƙafar da ke masa ciwo kamar ba tasa ba. Hasbiyoyi suka gitta can sama suna nufin madatsar ruwa, ya bi su da ido ya ce, "Ku jira ni, da yamma za mu gaisa."

Da'irar ta soma matsewa. Na farko suka tashi, goma sha wani abu, suka nufo mu da tsayi mai kyau. Ya ɗaga bindiga. Harbi biyu, tsuntsu biyu. Na jima ban ga ya yi haka ba. Ɗaya ya faɗo a mace. Ɗayan fiffike kawai ya karye, yana taɓa ƙasa ya ruga cikin karan masara.

A gonar nan ba a barin tsuntsu mai rauni. Oom Gys da kansa ya koya mini haka tun ina sabon zuwa: in ka ɗauke ido daga kansa, ka ba dila. Ƙafafuna ba su tambaye ni ba. Na bi shi, taku goma, ko goma sha biyu. Ina sunkuye, hannuna a wuyan zabon, usur ya tashi.

Na ɗago. Oom Gys ya riga ya sake cika bindiga. Fuskarsa na ciki, kafaɗarsa babu kowa. Wata fakara ta tashi daga kara, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mutum. Na yi ihu. Na san ba zai ji ba, amma na yi.

Ya harba.

A ɗaya gefen Oom Barend ya saki bindigarsa ya dafe wuya. Zabi suka tashi gaba ɗaya suka wuce ta kan mutane, babu wanda ya ko dube su.

Ƙwayar harsashi biyu a damtse, ɗaya a wuya, yatsa biyu ƙasa da kunne. Jini na bin kwalar rigarsa. Yana zaune a ƙasa yana zagi, kuma da ya ga Oom Gys ya iso sai ya yi ƙoƙarin dariya. "To, mun yi kunnen doki. Ni tankinka, kai wuyana."

Babu wanda ya taya shi.

Wikus ya tsaya gaban mahaifinsa. Mutum goma sha huɗu suna kallo. Ya yi magana a hankali, baki a buɗe.

"Pa. Ka ji usur?"

Na matso, zabon na hannuna har yanzu. Na buɗe baki. Oom Gys ya kama damtsena ya matse har na ji zafi.

"Na ji," ya ce. "Fakarar ce ta ɗauke mini hankali. Laifina ne."

Mutumin da bai taɓa harbin tsuntsun da bai tashi sama sosai ba, shi ke faɗin haka a gaban maƙwabtansa. Ya buɗe bindiga, ya zare ƙwanson da harsashin da ya rage, ya miƙa wa Wikus. Ya sunkuya ya dafa gwiwar Barend. Sannan ya kama hanyar mota, ni a bayansa.

A akori-kura ya zauna a mazaunin fasinja, ƙofa a buɗe, bindiga a kan cinya. Can ya ce, "Shekara ɗaya ce, Khotso. Mece ce shekara ɗaya? Baɗi sai ka tsaya kusa. Ka bar tsuntsun ya gudu, dila ma yana da yara."

Na gyaɗa kai. Ina kallon motar da ta ɗauki Barend zuwa wurin likita tana fita ta ƙofar shinge.

Da rana aka hura wuta a ƙarƙashin itatuwa, aka ɗora nama, aka tuƙa tuwon masara. Oom Gys bai sauko ba. Na kai masa kwano, ya ajiye shi a gefe. Ina dawowa Wikus ya tare ni a bayan tankin ruwa, inda babu mai ganinmu.

"Ntate Khotso." Ya cire hula. Ntate, wato baba, kiran girma ne a wajenmu. "Kai ka koya mini tuƙa tarakta. Ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, ko lokacin da na so ka yi. Ya ji, ko bai ji ba?"

Ya jira.

Na tuna yatsu biyun nan tsakanin kunnen Barend da ramin da ke wuyansa. Baɗi ni ma shekaruna sittin da bakwai. Zan iya tsayawa kusa sau ɗari, sau ɗaya in yi tuntuɓe, ko in yi tari, ko ƙafafuna su sake bin abin da suka saba. Kuma wanda ke ɗaya gefen yana iya zama Wikus.

"Shekara uku ba ya ji," na ce. "Ni nake taɓa shi."

Wikus ya jingina goshi da tankin. "Ina yi masa magana a tebur, ya ce i. Na ɗauka fushi yake da ni kan gonar." Ya share fuska da hular. "Yaya zan gaya masa?"

"Bari ni in je."

Na je na tsaya a gabansa daidai, inda zai ga bakina. Ban taɓa yin haka ba, kullum a baya nake.

"Oubaas," na ce, wato tsohon maigida. "Na gaya wa Wikus."

Ya dube ni. Ban san ko ya karanta ba, na sake faɗa. Ya ɗaga hannu, alamar ya isa.

"Tambayarka ya yi?"

"I."

"Da ka ce ba ka sani ba."

"Da na so, da na ce."

Ya kau da kai ya dubi gonar. Mutane sun fara tashi daga wurin wuta, suna ɗaukar kujerunsu na naɗewa don zaman yamma a bakin madatsa. Wani ya ɗaga masa hannu daga nesa, bai mayar ba.

Ya shafa bakin bindigar da hannun rigarsa, ya miƙo mini.

"Ka kai wa yaron. Ka ce ya riƙa sa mata mai, ba ta son damshi."

Na karɓa. Na tsaya ko zai ƙara wani abu.

"Tafi mana," ya ce. "Ka rufe mini ƙofar, akwai sanyi."

Na rufe. Ta gilashi na ga ya ɗauki kwanon tuwon ya ɗora a cinya, bai taɓa shi ba.