Kwalin Liway Mai Koriyar Takarda

Da hantsin ranar Kirsimeti na fito daga kicin, hannuna duk maiƙo, na duba ƙarƙashin bishiyar da muka yi wa ado, sai na ga babu kwalin Liway.

Liway 'yata ce, shekararta bakwai. Idonta ba ya gani sosai, gilashinta mai kauri ne kamar gindin kwalba, shi ya sa yaran layinmu suke ce mata mujiya. Ba ta shiga guje-gujensu. A taga take zama tana sauraron tsuntsaye, ta kuma san kowanne da kukansa. Tun watan Oktoba na sayo mata wani wasa a birnin Iloilo: allon kwali mai zanen bakin teku da itatuwan fadama, da ƙwayar jefawa irin ta ludo, da kati arba'in, kowanne da tsuntsunsa. Rubutun katin ƙanana ne, ko ni sai na matso da shi. Saboda haka sati shida, duk ranar da ta tafi makaranta, nake zama in sake rubuta sunayen da manyan baƙaƙe. Hanyar da ke kan allon kuma na bi ta da zare da gam, don ta riƙa ji da yatsa. Na naɗe shi da koriyar takarda, na liƙa sunanta.

"Nanay, ina kwalin da ke nan, mai koriyar takarda?"

Surukata, Nanay Pacing, wato Inna Pacing, tana zaune tana fifita. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wannan? Na ba 'yar Nonoy."

Mijina Rodel ba ya iya cewa a'a. Duk wanda ya ce ya tsaya wa ɗansa a wurin baftisma, sai ya tsaya, har yaran sun kai goma sha tara. Kowace Kirsimeti da safe sukan zo, su kama hannunsa su ɗora a goshi, a ba su kyauta. Bana goma sha takwas na shirya, don sunayen da ya ba ni ke nan. Ya manta da 'yar abokinsa Nonoy, mai shekara uku.

"Da sunan Liway a jiki, Nanay."

"Ai na cire. Yarinya ta ɗora hannun uban baftismarta a goshi, so kike ta fita hannu wofi, gari ya ɗauka? Liway ta gida ce, za ta yi haƙuri."

"Kullum ita ce mai haƙuri."

"Ke dai, Divina, komai sai kin mai da shi shari'a. Kwali ne fa."

Rodel yana bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Na tambaye shi ko yana wurin aka bayar. Ya ce yana wurin, amma Nonoy ma yana tsaye, ya za a yi ya buɗe baki?

"Je ka karɓo."

"Haba, Bing," in ji Rodel, haka yake taƙaita sunana. "A karɓe kyautar da aka bayar? Ranar Kirsimeti? Da wane ido zan ƙara kallon Nonoy? Bari a buɗe shaguna, in sayo mata wani."

"Za ka zauna sati shida ka rubuta mata?"

Ya ci gaba da sosa ƙeya. Liway tana ɗaki tana gwada sabuwar rigarta, ba ta san komai ba tukuna, amma tun da asuba take tambayata yaushe za a buɗe nata. Na wanke hannu, na sa silifa, na fita. Ina jin Nanay a bayana tana cewa in na je na zubar da mutuncin gidan nan, kada in ce ba ta faɗa mini ba.

Gidan Nonoy yana bayan filin ƙwallon kwando. Tun daga nesa nake jin wani yana rera waƙa a lasifika. Tsakar gidan cike da baƙi, hayaƙin gashi ya turnuƙe. Abin da na fara gani shi ne Nonoy tsugune gaban gawayi yana hura wutar tsire da allon 'yata. Zaren da na liƙa yana reto.

"A'a, Mare Bing, barka da Kirsimeti. Zo ki ci. Ina Pare Rodel, Nanay ta ɗaure shi a ƙafar tebur?" in ji Nonoy, don Mare da Pare muke kiran juna tun da baftismar 'yarsa ta haɗa mu.

"Pare, ba ni wannan allon."

Ya dube shi kamar yanzu ya fara ganinsa. Matarsa Luz ta fito riƙe da faranti, tana murmushin da bai kai ido ba.

"Gara da kika zo, Mare. Da ma ina son in ce mun gode. Ban san yanzu tsohon kaya ake naɗe wa yaran baftisma ba. Duk an bi katin an zane da alƙalami. Na ce wa Nonoy, in abu ya yi wuya ai ko alewa ta isa."

Baƙin suka juyo, mai waƙar ma ya sauke murya. Na dubi Luz.

"Ba tsoho ba ne. Ni na rubuta, don Liway ba ta ganin ƙananan baƙaƙe. Nata ne, kuskure aka yi. Na zo karɓa."

"Karɓa?" Luz ta juya ga baƙinta. "Kun ji sabon salo. Badi sai mu riƙa ajiye takardar naɗin, ko za a dawo."

Wasu suka yi dariya. Ban kula su ba, don na hango katin. Suna warwatse ko'ina: zalɓe a ƙarƙashin kujera, belbela an ɗora mata kofin giya, cilakowa a hannun 'yar Luz tana tsotsar gefensa. Na durƙusa da rigar cocina a gaban mutanen nan ina tsinta ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa wani dattijo ya ɗaga ƙafarsa. Na ba yarinyar ribon ɗin kaina kafin ta saki nata. Nonoy ya miƙo allon, gefe ɗaya ya ƙone, yana cewa wallahi bai sani ba.

Na ƙirga sau biyu. Talatin da tara. Babu mujiya.

Wannan katin na fi daɗewa a kansa. Na zagaye idanun da azurfar takardar cakulan don su yi ƙyalli, na rubuta a ƙasa: tana ganin abin da kowa bai gani ba.

Da na ɗago sai ga Rodel a bakin ƙofar gidan, ashe ya biyo ni. Yana ta sunkuyar da kai yana ba mutane haƙuri.

"Ba su za ka ba haƙuri ba," na ce masa. "Saura kati ɗaya. Kada ka dawo gida sai da shi."

Na wuce shi. A gida Nanay ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na goge katin da tsumma, na datse inda ya ƙone, na miƙa wa Liway ba naɗi. Ta shinshina.

"Mama, ƙamshin tsire yake yi."

"Haka tsuntsayen bana suke."

Ta bi zaren da yatsa har ƙarshe, ta karanta zalɓe da kanta, ta karanta belbela, ba ta ko matso da su kusa da hancinta ba. Muna zagaye na biyu na wasan Rodel ya shigo, gwiwoyin farin wandonsa duk laka. A magudanar ruwan bayan gidan Nonoy ya samo katin mujiyar, ya jiƙe, ido ɗaya ya ɓalle. Ya miƙo mini.

"Ita za ka ba," na ce. "Ka kuma gaya mata inda ya je, da wanda ya tsaya yana kallo."

Ya tsuguna a gabanta. Na koma kicin, don shinkafata ta fara kamawa.