Sarauniyar da Kogi Ya Ji Tsoronta

Ko kwana arba'in Sarauniya Lan ba ta yi a kabari ba, Waziri Pei ya aika a kira masa Meng Dao, marubucin tarihin fada. To, ku san al'adarmu a nan ƙasar Sin: in za a rubuta cewa mulki ya lalace, sai an kawo shaida daga sama, ko ambaliya, ko fara, ko ɗan maraƙi mai kai biyu.

Waziri ya ce, “Malam Meng, mace ta zauna kan karaga shekara ashirin da biyu, ai sama ba za ta yi shiru ba. Kwana uku na ba ka. In ka rasa, dutsen niƙan uwarka yana jiranka.”

Bawan Allah ya zazzage takardun fada kaf. Ambaliya babu, don ta ɗaga ganuwar kogi. Yunwa babu, don ta cika rumbuna. Maraƙan ma, kowanne da kansa ɗaya, abin haushi.

Rana ta uku ya ja ƙafa zuwa kasuwa, inda tsohuwarsa take sayar da awara, ya zayyana mata.

Ta ce, “Kai ɗan nan, kunya ba ta kama ka? Wa ya buɗe wa ’ya’yan masu awara jarrabawar fada? Ba don ita ba, da yanzu ruwan wake kake tacewa, ba wannan hular mai kunnuwa a kanka.”

“Inna, na sani. Amma ko sau ɗaya kogin nan bai yi ambaliya ba!”

“Yo ina ya ga fuska? Matar da kowace bazara take zuwa duba ganuwa da sandarta?”

Meng ya yi tsai, sai ya kwasa da gudu har takalmi na fita.

Ga abin da ya rubuta: tsananin muguntarta, kogi kansa bai isa ya ɗaga kai ba. Ta tsare hatsi a rumbuna har yunwa ta rasa wurin zama. Ta kulle ’ya’yan talakawa kwana uku a ɗakunan jarrabawa, ta kuma tilasta wa ’ya’yan manya karatu, ba tausayi ba jin ƙai. Ko ƙarya ɗaya babu a ciki.

Waziri ya karanta har da share ƙwalla, don shi ma ɗansa sau huɗu yana faɗuwa jarrabawar.

“Har kogi! Wayyo, mun ga rayuwa. Kujerarka ta zauna, Malam. Sai dai ka manta samarinta. Sa mata goma sha biyu.”

“Ranka ya daɗe, ta haura tamanin fa.”

Waziri ya shafa gemu, shi ai mutum ne mai adalci.

“To, sa takwas.”

Meng ya dubi takarda, ya dubi ƙofa. Sannan ya tsoma alƙalami a tawada.