Kwarin da Na Buɗe wa Zulai

…kuma har kana da bakin tambayata ina ruwana da takarda, Iliyasu? Ni da na haife ka? Kai ne malamin lissafi a firamaren Saulawa, amma 'yarka Zulai ta dawo tana kuka — wai hedimasta ya ce amsa daidai, hanya babu, ubanta ke raɗa mata. Ba zai sa sunanta a jarrabawar shiga sakandare ba sai ta nuna ta inda ta bi.

Raɗa? Yarinyar da ke duban gona ta faɗa maka kwano nawa na iri za ta ci… Kaina ta ɗauko. Mu a ka muke yi.

To a ina za ta rubuta hanyar? Takardar aikin gidan da kake buga musu, tambaya kan tambaya, cunkus kamar dawar da ba a rage ba. Wai soja sun ce a tsuke bakin aljihu, takarda ta yi wuya. Sitensil ɗaya ya rage a makarantar, wannan shuɗiyar da ake bugawa a kai, in ya lalace sai baɗi.

Gawayi na ɗauko na zana maka a daɓe. Tambaya kunya ce. Ƙarƙashinta kwari, faɗin yatsa huɗu, inda ƙafa za ta bi. Akwatin amsa can ƙarshe — wa ke gina rumbu tsakiyar gona? Tambaya ashirin ka so. Na ce takwas. Ubanka ma haka ya cusa masara shekarar fari, muka girbe kara…

Ka bi dai, kana gunaguni. Taf, taf, tafireta har la'asar. Washegari keke zuwa Ikara, wurin injin buga kwafi da ake juyawa da hannu.

Ga takardar a hannuna, tana warin tawada. Tun magariba nake nuna wa matan gida, kun ga kwarina, kun ga rumbuna. Ummuhani matarka sai sunkuyar da kai take yi, na ce kunyar suruka ce. Zulai ta durƙusa, ta kama gefen takardar, ta juya ta a hankali.

"Kaka, nan ne sama."

A juye… tun ɗazu a juye?

Ga ta can gindin fitila tana cika kwarin. Layi, layi. Abin da ke kanta yana saukowa. Hedimasta zai gani, kai za ka gani, kowa zai gani — ban da ni. Da a ka take yi, ina biye da ita taku-taku. Ni na share mata hanyar da hannuna, kuma…

Hayaƙin fitilar nan ne ke shiga mini ido.

Ke Zulai, in kin gama sa ta ƙarƙashin tabarma, kada akuya ta ci. Ku tashi ku kwanta. Kananzir ba ruwan rijiya ba ne.