Tsoho Mai Takalmi Ɗaya

Wani dogon bene ya sake rushewa a cikin talabijin, samarin Kalgo suka kaure da ihu, Abdulgani tela kuwa ya ja tsakin da sai da na kusa da shi ya waiwayo.

Ba don kansa ya rufe keken ɗinkinsa a Gwandu ya shigo motar kasuwa zuwa wannan gidan bidiyo na Kalgo ba. Maƙwabcinsa Bawa ne ya aiko shi. Tun da aka fara kawo kaset unguwarsu, Bawa ke fassara fim a gidan bidiyo. Ba wani Turancin kirki yake ji ba, balle Indiyanci, amma in ya tsaya gefen talabijin ya ce wannan ɗan wane ne, ga abin da ke cin ransa, sai ka ga ƙato yana share hawaye da hula. Yanzu ciwon suga ya kwantar da shi, ido ma ya tafi. Da ya ji ana ta zuzuta wani fim na Amurka, wai matattu ke tashi suna bin masu rai, wai ba a taɓa yin irinsa ba, sai ya kama hannun Abdulgani.

"Tahi ka gano min, ka kawo min labarin. Ban son in wuce ban ji shi ba."

To ina labarin? Gawawwaki na gudu kamar an buɗe wa awaki garke, jirgi ya faɗo, wuta ta tashi, wani Bature sai harbi yake yi. Abdulgani ya yi ta jiran a faɗi ko shi wane ne, ina iyalinsa, me ya fito nema. Har kaset ya ƙare ba a faɗa ba. Ya fito jiƙe da gumi, hayaƙin janareta ya cika masa hanci, ransa a ɓace.

Bayan la'asar ya isa gida. Huseina matar Bawa ta yi masa iso. Ya tsallake takalman fatar Bawa da suka daɗe a bakin ƙofa ba mai sa su, ya zauna gefen tabarma.

"Ka dawo?" in ji Bawa, murya can ƙasa. "To, wa na aktan?"

"Wallahi ban sani ba. Wani mai bindiga."

"Ɗan wa na?"

"Ba su hwaɗi ba."

"Bos hwa?"

"Babu bos, Bawa. Matattu na kawai, kamar hwara."

"Su wa na matattun? Ba wanda yag gane ɗan'uwa nai cikinsu?"

"Ko suna ba su da shi!"

Takaici ya kama Abdulgani. Yini guda ya ɓatar, ya bar marar lafiya yana jira, ga shi ya dawo hannu rabbana. Ya so ya ƙirƙiro wani abu ya faɗa, amma ina, shi ko riga sai an ba shi awo yake iya yankawa.

"Duk taron nan ba ka ga mutum ko guda ba?" Bawa ya sake tambaya.

Abdulgani ya sosa ƙeya. "Akwai wani tsoho can baya ga matattun, yana ɗingishi. Takalmi guda garai. Walƙiya guda anka nuna shi."

"Wace ƙahwa ta babu?"

"Hagu."

Fuskar Bawa ta washe, irin yadda take yi a da in ya tsaya gaban 'yan kallo.

"Ashe da labari, masu fim ɗin na ba su gan shi ba. Wanga tsoho ba mutane shika bi ba. Takalmi nai shika biɗa."

"Ina yab bar shi?" Abdulgani ya matso, har da gaske yake son ji.

"Bari in huta. Gobe da hantsi ka taho, in hwaɗa ma."

Da hantsi ya taho, ko keken ɗinkin bai buɗe ba. Tun daga zaure ya jiyo salatin Huseina, ya san Bawa ya cika.

Da shi aka yi wankan, shi ya yanka likkafanin. A maƙabarta ba wanda bai san wanda ake rufewa ba: Bawa ɗan Umaru, wanda kakansa ya taso daga Malisa. Mamman mahauci ya tuna ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar fim, Bawa ya ƙarasa musu shi da baki, ba wanda ya tashi. Abdulgani dai haushin fim ɗin nan bai bar shi ba, ya cinye masa yinin da ya kamata ya yi a gefen tabarmar Bawa, sannan ga labari an tafi masa da rabi.

Da suka dawo zaman gaisuwa, ya ga takalmin Bawa ɗaya ne kawai a bakin ƙofa, ƙafafun masu shige da fice sun ture ɗayan. Ya duƙa ya duba, ya same shi a bayan randa. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.