Amsar Katin Madam Odile

Katin ya iso Bobigny ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Nowel kamar yadda muke cewa a nan. A bayan ambulan an rubuta sunan mahaifiyarmu, Hajiya Zuwaira, da irin rubutun nan mai lanƙwasa na tsofaffin malaman makaranta. Madam Odile ce ta aiko daga Lyon, surukar yayana Nazir, uwar matarsa Camille.

Inna ta zo daga Maraɗi ne don sunan ɗan da Camille ta haifa, Ibrahim Khalil. Ta yi mako biyu a gidansu a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, sannan ta dawo wurina, inda nake fama da karatu, kafin ranar komawarta gida.

Na karanta mata katin ina mayar da shi Hausa. Fatan alheri ne, sai kuma yabon Nazir har ƙarshen takarda: mutum mai hankali, mai tausayin iyali, duk uwar da ta haife shi dole ta yi alfahari. Inna ta kau da kai wajen taga, ta ce, "To, an gode."

Wurin Madam Odile kati ba abin wasa ba ne. Ba a amsa mata shi ta waya. Kati ake mayar mata, da rubutun hannu, kafin Janairu ya ƙare. Tana ɗaura zare a falonta ta rataye duk wanda ya zo, kuma wanda bai amsa ba ta san shi sarai. Na yi zaton Inna za ta ce bikin ba namu ba ne, sai ta ba ni mamaki.

"Gaisuwa ta aiko, Latifa, ba coci ta kira ni ba. Wa ke ƙin amsa gaisuwa? Tahi ki sawo."

Na sayo mai hoton tsuntsu a kan reshe, na zauna da bik, wato biro, Inna ta fara jero gaisuwa: ina gajiya, ina sanyi, ina ɗawainiya da mai jego. Ta yabi Camille har na ce fili ya kusa ƙarewa. Da ta zo kan jariri ta ce, "Ki hwaɗa mata angon namu mummuna ne, ban so, na bar mata."

"Inna, in na rubuta wannan da Faransanci matar nan sai ta suma."

"To ki gyara."

"Yaya Nazir fa? Duk katinta a kansa yake."

"Mi za ni ce? Allah shi shirya."

Nazir ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Sai dai ta ce "yayanki", ko "wancan na Lyon". Ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi a gaban mutane, in ana maganarsa sai ta tuna tana da aiki a kicin. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa a gida ya san ta, ba wanda ya taɓa tsayawa bayani. Na ajiye katin a kan firji rabinsa babu rubutu, na ce zan san dabara.

Dabarar ba ta zo ba, sai wayar Camille ta zo. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da abin da ke ranta. Mamanta ta lura, in ji ta, duk zaman da Inna ta yi a Lyon ba ta kira sunan Nazir ko sau ɗaya ba, ba ta ma dube shi ido da ido ba. Shi ya sa ta cika katin da yabonsa, don ta ga abin da Inna za ta ce.

Na yi dariya, na fara yi mata bayanin al'ada. Ta katse ni.

"Na sani, ya gaya mini tun da daɗewa. Amma jiya shi da kansa ya ce, *peut-être*, wataƙila ba al'adar ba ce kawai. Wai ko har yanzu ba ta yafe masa auren nan ba."

Nan dariyata ta tsaya, haushi ya kama ni. Mutumin da ya tashi a Maraɗi, ya ci tuwon matar nan, shi zai faɗi haka? Amma da na huce na ga abin da ya gani. Ya bar gida yana saurayi. A gida ko Inna ba ta faɗa ba, akwai gwaggo da za ta ja shi gefe ta ce jiya uwarka ba ta ci abinci ba don kai. A Vaulx-en-Velin babu gwaggo. Yana ganin yadda Madam Odile ke rungume 'yarta tana kiran sunanta, shi kuwa uwarsa ta ƙetaro ƙasashe ta zo ta wuce shi a falo. Tausayinsa ya kama ni.

Na faɗa wa Inna komai, ban rage ba. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Shi da bakinshi?" Na ce e. Ta ci gaba da tsince wakenta.

Washegari da ta idar da sallar asuba ta ce in ba ta katin da bik. Inna ba ta yi boko ba, ajami ta iya tun makarantar allo. Ta juya mini baya, ta kare takardar da hannu kamar 'yar makaranta mai gudun a kwafi amsarta. Ta daɗe. Ita ta liƙe ambulan da kanta, ta ce, "Ki kai gidan waya, kuma ban ce ki buɗe ba."

Ta koma Maraɗi bayan sabuwar shekara. Ni kuma na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, don Madam Odile ta gayyace mu cin galet, wainar da suke yi a farkon Janairu. Katinmu na rataye a tsakiyar zaren. Ta ciro shi da murna, ta ce ta karanta gaisuwar, amma wannan kyakkyawan rubutu na ƙasa ya gagare ta. Ta miƙa wa Nazir. Na leƙa ta kafaɗarsa.

Layi ɗaya ne, ya karkace ya gangara: Naziru ɗana ne, ban taɓa hushi da shi ba.

Ya karanta, ya sake karantawa. Madam Odile ta tambayi abin da aka ce.

"Sunana ne," ya ce.

Ya ciro waya a tsaye a wurin ya kira Maraɗi. Muna jin muryar Inna ta amsa sallamarsa, ta ce ina sanyi, ya ce lafiya lau. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ta ce, "To madalla. Ba ni Camille."

Ya miƙa wa matarsa wayar yana dariya, hawaye na bin gemunsa.