Kwaɗon da Ya Fito da Baffa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Malam Hammawa, ya ɗauke ƙafa daga cikin jama'a. Ƙafar ta warke, baki ya daidaita, amma yatsun hannun dama suka naɗe suka ƙi buɗewa. Shi kuwa Bafulatani ne mai kunyar tsiya. Ya miƙa wa mutum hagu a gaisa? Gara ya ruɓe a ɗaki! Ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti don ya riƙa matsawa, tuni ya cilla shi bayan katifa, wai shi ba yaro ba ne.

Abin ya fi cin ran ɗansa Izzuddeen, don bayan Babbar Sallah za a ɗaura masa aure da Lailatu, kuma tsohon ya faɗa ƙarara: "Ku je ku ɗaura, Allah ya sa albarka. Ni ba za a gan ni ina ɓoye hannu a riga ba."

To, Izzuddeen mayen gem ne, wato wasan na'ura, duk unguwar Fadaman Mada an shaida. Ran nan dabara ta faɗo masa, har ya yi tsalle shi kaɗai. Ya kinkimo na'urarsa da talabijin ya kafa a ɗakin mahaifinsa, jiki na rawa.

"Baffa, duba nan! Duniya ce guda a ciki. Ga doki, ga daji, ga rafi, ga shanu garke-garke. Sai ka yi wata kana yawo ba ka ga ƙarshenta ba!"

Wallahi idon tsohon ya yi haske. Ya matso, ya ƙura wa wata farar saniya ido, ya ce irin ƙahonta ɗaya da na wadda ya taɓa kiwo a bayan Gubi. Zuciyar Izzuddeen kamar ta fashe don murna. Ya ɗora masa abin latsawa a hannu, ya hau bayani: wannan na tafiya ne, wannan na juya ido, wannan na taswira, in ka haɗa wannan da wancan doki ya yi sukuwa.

Doki dai bai yi sukuwa ba. Ya yi ta juyi wuri ɗaya, ya je ya kafa kai a jikin dutse.

"Wai ina aka ce in je?" in ji Baffa.

"Ko'ina, Baffa! Ai shi ne daɗin abin."

"Ko'ina ba wuri ba ne. Duk kiwon da na yi, ban taɓa fita ban san mashaya ba."

Ya sake gwadawa, sai abin ya suɓuce daga hannun dama ya faɗi ƙasa, tim. Tsohon ya ja hannun ya cusa cikin riga, ya ce, "Kwashe kayanka." Izzuddeen ya kwashe, kunya da baƙin ciki kamar ya nutse.

Ana nan sai ga Augustine, mai gyaran waya na bakin layi, abokin darar Baffa tun Izzuddeen na tsumma. Shi kaɗai ake bari ya shiga, don ko an hana shi ba ya ji. Ya zauna gefen tabarma, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya zaro waya ya hau latsawa, yana "Kai! Kash! Wayyo!"

"Me ke cizonka?" in ji Baffa.

"Kwaɗo ne, Malam. Ba naka ba ne, sai masu jini a jika."

Ai kuwa ya taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. Baffa ya fizge wayar. Izzuddeen ya leƙa, ya taɓe baki. Wani ɗan kwaɗo ne kore, zanen ma kamar na 'yan firamare, yana tsallaka duwatsu a rafi. Dutse na hagu, ka latsa da babban yatsan hagu. Na dama, da na dama. Ka kuskure, tsulum, a ruwa. Shi ke nan fa! Ba labari, ba taswira, kafin shayi ya huce an yi wasa an mutu an sake.

Baffa ya so ya yi wayo da hagu kaɗai. Tsulum. Ya sake. Tsulum. Augustine ya kece da dariya har da buga cinya. "Malam, kwaɗo yana da ƙafa biyu, kai kana ba shi ɗaya!"

"Rufe mini baki! Saura kaɗan fa."

Sai Izzuddeen ya ga abin da bai taɓa zato ba. Hannun dama ya fito daga riga. Ya tallabi wayar, babban yatsan ya ɗaga da ƙyar, ya sauka. Kwaɗo ya dira kan dutse.

"Ya haye!" Baffa ya daka ihu. "Ka gani? Ya haye!"

Daga ranar gida ya rikice. Aka sa masa kwaɗo a wayarsa. Da hantsi kwaɗo, bayan azahar kwaɗo, tuwo ya yi sanyi a kwano saboda kwaɗo. Kullum "bari in sake ɗaya" ne, ɗayar nan ba ta ƙarewa. Augustine kuwa, mugu, kowace yamma sai ya zo ya nuna inda makinsa ya kai, ya tafi yana fito. Shi kansa Izzuddeen, mai duniya guda a talabijin, an kama shi a zaure yana tsulum-tsulum, ya ce wai dubawa yake yi.

Wata Asabar bayan la'asar, Izzuddeen na wanke babur a tsakar gida, ya ji ƙara daga ɗaki kamar an ga maciji.

"Na wuce shi! Wallahi na wuce shi!"

Baffa ya fito ba hula, takalmi wari da wari, ya yi waje. Izzuddeen ya yar da soso ya bi shi a guje. Tsohon da ya yi watanni bai leƙa ƙofar gida ba, ga shi yana ratsa layi, waya a sama, har shagon Augustine, inda dattawan unguwa ke zaune kan benci.

"Duba nan, mai jini a jika! Karanta da bakinka!"

Augustine ya duba, ya dafe kai, sannan ya buɗe tafin hannu yana dariya. "Ka ci, Malam. Tafa!"

Baffa ya kai masa, tas! Da dama.

Sai a lokacin ya lura da inda yake. Dattawa sun miƙe, kowa na "Malam Hammawa! Ikon Allah! Sannu da jiki!", hannuwa a miƙe ta ko'ina. Izzuddeen ya ga hannun mahaifinsa ya soma ja da baya zai koma riga. Hannun ya tsaya. Sannan ya miƙe, yatsu rabi a buɗe, ya shiga tafin limamin layin.

Izzuddeen ya juya baya yana goge ido da gefen riga. Bai ankara ba ya ji an dafa kafaɗarsa, dafawa mai rauni, mai ɗumi.

"Kai," in ji Baffa, ba tare da ya dube shi ba, "je ka ce wa tela ya hanzarta da babbar rigata. Kuma kada ya cika wa hannun tsawo."