Awa Huɗu Tsakanin Alƙali da Anti Tela

Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a, daga bakwai na safe zuwa sha ɗaya. Ɗakin dogo ne, kujeru biyar a jere, kowace da injinta a gefe, ga talabijin a maƙale can saman bango inda hannu ba ya kaiwa. Da zarar Sista ta soka masa allurai biyun nan a hannun hagu ta manne su da filasta, shi ke nan ya zama na kujera. Ba tashi, ba juyi, ko tari sai a hankali. Jininsa ya fita ta wannan tiyo, ya zaga cikin inji, ya dawo ta wancan, shi kuwa yana kallon silin.

Tasa ce kujerar tsakiya. A damansa akwai wani dattijo da ya shekara talatin yana shari'a kafin ya yi ritaya, kowa Alƙali yake ce masa. A hagunsa wata mata ce mai shagon ɗinki, Anti Tela, wadda ko gaisuwa za ta yi sai ka ɗauka wani take kira daga tsallaken titi. Su biyun ne suka raɗa masa Malam Gum, don wata uku suka yi tare, ban da amsa sallama ba su taɓa jin bakinsa ba. Mutanen kujerun ƙarshe kuwa barci suke yi abinsu, Allah ya hutar da su.

Abin da ya haɗa Alƙali da Anti Tela faɗa fim ne. Akwai wani littafi da ya yi tashe shekarun baya, wanda kowa ke kira littafin wasiyya. Labarin wani mai kula da ɗakin littattafai ne a wani babban gidan ibada, ya tsinci wasiyyar wanda ya kafa gidan a ɓoye cikin bangon wani tsohon kundi, ya ga ashe shugabancin ba na masu riƙe da shi ba ne. Daga nan aka shiga farautarsa. Sau biyu aka mai da littafin fim. A tsohon fim, kamar yadda yake a littafin, mutumin ya ƙone takardar don kada jama'a su rabu biyu su far wa juna. A sabon kuwa, gaban taro ya hau ya karanta ta da ƙarfi.

"Wannan ba fim ba ne, rashin kunya ne," in ji Alƙali. "Sun ɗauki mutum mai zurfin ciki sun mai da shi ɗan jagaliya."

"Ranka ya daɗe, wancan naka ai maganin barci ne," in ji Anti Tela. "Awa uku mutum yana kallon takarda yana huci. Ni da na je kallonsa, har na gama lissafin yadin riga biyu bai buɗe baki ba."

Haka kullum. Tun da ba mai iya juyawa sosai, ta saman Malam Gum suke jifan juna da magana. Wani lokaci Alƙali ya ce, "Ɗana, kai me ka gani?" Sai ya rufe ido ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Ya taɓa roƙon Sista a ɓoye ta canja masa kujera, ta ce duk injunan da masu su, har akwai mutum goma sha ɗaya a layi suna jiran wani ya bari.

Abin da ba su sani ba, shi ne editan sabon fim ɗin. Shekara ashirin da biyu ya yi yana zaune a ɗaki marar taga yana yanka hoto yana haɗawa, kafin ciwo ya zaunar da shi. Ƙarshen nan da Alƙali ke tsine wa sau uku a mako, da hannunsa ya haɗa shi. Ko 'yarsa da ke kawo shi asibiti ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta ambaci sana'arsa.

Ran wata Laraba, Anti Tela ta zo da sabon fim ɗin a filashi, ta lallaɓa Sista ta sa musu, wai yau a yi ta ta ƙare. Malam Gum ya dubi agogon inji, ko minti ashirin ba a ci ba. Ya rufe ido, amma kunne ba ya rufuwa. Kowace ƙarar ƙofa, kowane takun ƙafa, ya san inda ya ɗauko shi. Ya san wurin da ya rage daƙiƙa biyu don kada a ga inuwar mai riƙe da fitila. Alƙali na tsaki, Anti Tela na cewa, "Yauwa! Gaya musu!" shi kuwa zufa na bin bayansa duk da sanyin ɗakin.

Da fim ya ƙare, sunaye suka fara hawa. Sista tana tsaye a gabansa da fayil ɗinsa a hannu, ta zo duba hawan jini. Ta ɗaga kai ta dubi talabijin, ta dubi fayil, ta sake duban talabijin.

"Ikon Allah! Baba, ba sunanka ba ne wancan? Har da na mahaifinka. Edita!"

 Malam Gum ya dubi agogo: saura awa ɗaya da minti arba'in. Da lafiyarsa ƙalau, da tuni ya kai bakin titi.

"Ɗana," in ji Alƙali a hankali, da muryar da ya saba yi wa wanda ake tuhuma magana, "wata uku ina zagin aikinka a kunnenka, kana kwance kana ji?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

Anti Tela ta kwashe da dariya har injinta ya yi ƙara, Sista ta ruga ta gyara mata tiyo tana faɗa. Da ta lafa ta ce, "Ƙanena, ashe kai ne gwanin! To faɗa masa da bakinka wane ne ya fi."

Ya so ya sake rufe ido, amma ya san wannan ƙofar ta toshe. Ƙishirwa yake ji, ga shi ruwan da aka yarda ya sha a yini ya kusa shanye shi tun da safe.

"Anti, ba haka aka ɗauke shi ba," ya ce. "An ɗauki ƙonewar. Irin ta littafi."

Ya ba su labari. Darakta ya ɗauki wurin ƙona takardar, shi kuma ya kwashe kwana tara yana haɗa shi, bai taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Sai furodusa ya tara mutane ya nuna musu, suka fita suna gunaguni wai an cuce su, sun biyo takarda awa biyu a ƙarshe ba su ji abin da ke cikinta ba. Furodusa ya ce a canja. Darakta ya yi fushi ya tafi, jarumin kuma ya riga ya wuce wani aikin. Aka bar shi shi kaɗai da guntattakin hotuna. Ya ɗauko taron daga wani wuri a farkon fim, ya sa wani ya tsaya a matsayin jarumin ana nuna bayansa kawai, aka nemo mai kwaikwayon murya ya karanta wasiyyar.

"Shi ya sa ba a nuna fuskarsa sai sau ɗaya," ya ce. "Wannan ɗin ma ba karatu yake yi ba, addu'a yake yi a wani wurin da na yanke."

Alƙali ya buga hannunsa na dama a kan kujera. "Kin ji ko? Jabu ne! Ƙarshen naki ɗinki ne, irin na shagonki."

Malam Gum ya zaci Anti Tela za ta yi sanyi. Amma sai ta ce, "Ko da tsumma aka haɗa shi, ni shi nake so. Babanmu da zai rasu ya gaya wa yayanmu gidan da muke ciki na mu duka ne. Ƙaninmu yana wurin, da kunnensa ya ji. Aka zo rabo, ya ja bakinsa ya yi shiru wai kada zumunci ya lalace. Yau shekara goma sha tara. Zumuncin bai tsira ba, gidan ma ya tafi. Ni in na ga mutum ya miƙe ya faɗa, ko a talabijin ne, sanyi nake ji a raina."

"Ni kuma na taɓa miƙewa na faɗa," in ji Alƙali, idonsa na kan silin. "Wata takarda ce irin wannan, ta gaskiya ce, ba wanda ya isa ya ce ba ta gaskiya ba ce. Na karanta ta a kotu. Kafin mako ya zagayo an binne mutum biyu, wa da ƙani." 

Sista ta zo ta duba allurai, ta koma. Saura minti hamsin. Ƙafar Malam Gum ta fara ɗaurewa kamar yadda take yi duk ƙarshen wanki, ya cije leɓe.

"To ina wancan ɗin yake?" in ji Alƙali. "Na ƙonewar. A kawo mu gani."

"An goge shi. Kamfanin ya rufe, aka sayar da kwamfutocin."

"To ba mu shi da baki," in ji Anti Tela. "Ai ba inda za mu."

Ya fara da kyar, yana tsayawa yana nishi. Ya ce musu ba kiɗa a wurin ko kaɗan. Mutumin yana zaune a ƙasa tsakanin kantocin littattafai, ana jin jama'a a waje suna shigowa ibada, suna gaisawa, wani yana dariya. Ya kyasta ashana ta mutu. Ya kyasta ta biyu ta mutu. A ta uku, maimakon a nuna wuta, fuskarsa aka nuna, leɓensa na motsi, yana karanta wasiyyar a ransa karo na ƙarshe, haske na rawa a goshinsa har ya dushe. Daga nan ya tashi ya karkaɗe tokar daga rigarsa, ya fita ya shiga sahu, kafaɗarsa na gogar ta mutumin da ya sa a kashe shi.

Da ya kai aya, ya tarar hannunsa na dama a sama, yana nuna inda za a yanke. Ya sauke shi da sauri.

"Ya yi kyau," in ji Anti Tela. "Amma matsoraci ne dai."

"A littafi ba ashana ba ce," in ji Alƙali. "Fitila ce. Kuma bai shiga sahu ba, gida ya tafi. Kun ga ku ma kun taɓa shi."

"Darakta ne ya..."

"Ka karanta littafin kuwa?"

Malam Gum ya ce, "Rabinsa, ranka ya daɗe. Takardar shirin fim aka ba ni, da ita na yi aiki."

Salatin da Alƙali ya yi sai da ya tashi mutumin kujerar ƙarshe. Anti Tela kuwa dariya take har da hawaye, tana cewa a bar mata ƙaninta ya huta.

Sha ɗaya ta yi, injuna suka yi kuka ɗaya bayan ɗaya. Sista ta zare masa allurai, ya danne auduga da babban yatsa yana jiran jini ya tsaya. Da ya miƙe jiri ya kwashe shi, 'yarsa ta shigo ta tare shi a kafaɗa.

Ran Juma'a ya tarar da littafin a kan kujerarsa, tsoho, bangonsa ya sha selotef, gefen shafuka cike da rubutun Alƙali da jan biro. Bayan an ɗaura shi a inji, Alƙali ya ce ya fara daga inda ya tsaya, kuma da ƙarfi, don Anti Tela ma ba ta taɓa karantawa ba, ido ya hana ta. Ya jingina littafin a cinya, yana buɗe shafi da hannu ɗaya. Shafi ɗari biyu da sittin suka rage. Bai gama sakin layi na farko ba Anti Tela ta ce ya dakata, wai wannan matar da aka ambata ba ta cikin fim, wa ya cire ta, kuma don me.